Babi na Huɗu: Masu Neman Allah da Sharaɗi

Girman kai bai cika hana mutum neman Allah ba. Da yawa daga cikin masu girman kai suna nemansa haiƙan: sun sha tafiya, sun kashe dukiya, sun yi azumi, sun raba dare suna karatu. Inda gizo ke saƙar shi ne, tun kafin su bar gida sun riga sun tsara yadda za a tarbe su, ta wace ƙofa za su shiga, da kuma wanda ya isa ya nuna musu hanya. In Allah ya ɓullo ta wani wuri dabam, sai su juya a fusace, suna ganin an raina su. A wannan babi za mu bi sawun mutum biyu da saura ƙiris su yi asarar abin da suka fita nema saboda wannan hali. Ɗaya sarkin yaƙi ne, ɗaya malami. Tsakaninsu akwai shekara fiye da 1,200, amma ciwonsu ɗaya.

Sarkin yaƙi a ƙofar annabi

Labarin Na'aman yana cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 5, kuma ya faru ne a ƙarni na tara kafin haihuwar Almasihu. Shi ne sarkin yaƙin Suriya, ƙasar da babban birninta Dimashƙu ne, kuma ba a rabuwa da kai hari tsakaninta da Isra'ila. Mutum ne mai kwarjini, na hannun daman sarki, wanda ya ciwo wa ƙasarsa nasara a fagen fama. Sai dai a ƙarƙashin sulken nan akwai kuturta. Masana suna ganin abin da Littafi Mai Tsarki yake kira kuturta ya haɗa cututtukan fata iri-iri, ba lalle sai wadda likitoci suka sani a yau ba. Ko ma wace iri ce, ta gagari bokayen Dimashƙu, kuma ba abokin gāba ce da za a sara da takobi ba.

Labarin magani bai fito daga fada ba. Wata ƙaramar yarinya ce da mahara suka kamo daga Isra'ila, tana yi wa matar Na'aman bauta, ta ce da maigida zai je wurin annabin da ke Samariya da ya warke. Ko sunanta ba a rubuta ba. Amma da maganar ta hau sama, sai ta sāke kama. Sarkin Suriya ya rubuta wasiƙa, ya aika wa takwaransa sarkin Isra'ila, domin a tunanin manya kowace matsala tsakanin manya ake kashe ta. Sarkin Isra'ila da ya karanta sai ya yage rigarsa, ya ɗauka neman tsokana ne, tun da shi ba Allah ba ne da zai warkar da kuturu.

Na'aman kuwa bai taho hannu rabbana ba. Ya ɗauro talanti 10 na azurfa, wato kimanin kilo 340, da shekel 6,000 na zinariya, kusan kilo 70, da tufafin ado kala 10. Hausawa sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Da wannan zuciya ya ja dawakai da karusai ya tsaya a ƙofar gidan annabi Elisha.

Elisha bai fito ba. Bai ma leƙo ba. Ya aiko ɗan aike da saƙo mai gajarta: a je a yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Nan ran Na'aman ya ɓaci, kuma cikin fushinsa ya tona abin da ke cikinsa. Ashe tun a hanya ya gama shirya bikin warkewarsa. Annabi zai fito, ya tsaya a gabansa, ya kira sunan Allahnsa, ya kaɗa hannu a kan wurin, kuturta ta ɓace, jama'a suna kallo. Sannan ya kawo hujja: ai kogunan Dimashƙu, Abana da Farfar, sun fi duk ruwayen Isra'ila.

A nan kuwa bai yi ƙarya ba. Abana shi ne kogin da ake kira Barada a yau, wanda ke gangarowa da sanyinsa daga duwatsun da ke yamma da Dimashƙu, ya ratsa birnin, ya shayar da lambunansa. Urdun kuma, musamman daga tsakiya zuwa ƙasa, ruwa ne mai laka da ke murɗe-murɗe cikin kwari mai zafi har ya faɗa Tekun Gishiri. In zancen kyan ruwa ne, Na'aman ya yi gaskiya. Wannan shi ya sa girman kai yake da wuyar kamawa: yawanci yana da hujja mai kyau a hannu. Abin da ya manta shi ne, ya yi shekaru yana wanka da ruwan Dimashƙu, kuma ga shi nan da kuturtarsa.

Barorinsa ne suka cece shi. Suka matso da ladabi, suka kira shi baba, suka tambaye shi: da annabi ya ɗora masa wani abu mai wuya, ai da ya yi, to, balle ɗan wanka? Wannan tambaya ita ce zuciyar labarin. Da an ce masa ya ci birni bakwai, ko ya hau dutse da rarrafe, ko ya ninka zinariyar, da ya yi da murna. Abu mai wuya yana barin mutum da labarin da zai bayar, labarin da shi ne gwarzonsa. Abu mai sauƙi ba ya barin komai sai godiya. Kuma wanka ba a yinsa da sulke. Dole sarkin yaƙi ya tuɓe a bakin kogi, a gaban yaransa, abin da ya daɗe yana rufewa ya fito fili.

Ya shiga, ya nutsa sau bakwai, fatarsa ta koma kamar ta ƙaramin yaro. Amma sāken da ya fi girma sai da ya koma gidan annabin aka gan shi. Wannan karo ya tsaya a gaban Elisha yana kiran kansa bawa. Ya yi, ya yi a karɓi kyautarsa, Elisha ya rantse ba zai taɓa ko ƙwandala ba. Sai mutumin da ɗazu yake raina ruwan Isra'ila ya roƙi a bar shi ya ɗebi ƙasarta, kayan alfadari biyu, ya kai gida domin ya riƙa yi wa Ubangiji sujada a kai.

Me ya sa Elisha ya ƙi? Idan maƙwabciya ta aiko miki da abincin Kirsimeti, kika juye, kika lissafa kuɗin shinkafa da nama kika sa a kwanon kika mayar mata, ba godiya kika yi ba, zumunci kika yanke. Kin gaya mata ke ba ki cin na kowa. Da Na'aman ya biya, da ya koma Dimashƙu a matsayin wanda ya yi ciniki mai riba. Elisha ya so ya koma a matsayin wanda aka yi wa alheri.

Malamin da ya raina Littafi

Mutum na biyu ɗan Afirka ne. An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagaste, inda ake kira Suk Aharas a ƙasar Aljeriya ta yau. Mahaifiyarsa Monika mai bi ce, mahaifinsa kuwa sai dab da mutuwa ya karɓi baftisma. Iyayen ba masu dukiya ba ne, amma sun ga yaron yana da kai, suka yi ta fafutuka har ya kai Kartaj, babban birnin ilimi na yankin, kusa da Tunis ta yanzu. A can ya koyi fasahar magana, wadda a daular Rum ita ce tsanin hawa kowane muƙami.

Yana da shekara 19 ya karanta wani littafi na Sisero, gwanin magana na Rumawa, sai ƙishin neman gaskiya ya kama shi. Ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ya buɗe. Fassarar Latin da ke hannun ikkilisiyoyin Afirka a lokacin ba ta da ado, harshenta na talakawa ne. Saurayin da kunnensa ya saba da zaƙin Sisero ya karanta kaɗan ya ajiye. Daga baya, a littafin da ya rubuta na furta zunubansa wajen shekara ta 397, shi da kansa ya ce kumburin kansa ne ya hana shi sunkuyawa ya shiga, domin ya ƙi a lissafa shi cikin ƙanana.

Sai ya bi Manikiyawa, wata ƙungiya da ta yi masa alkawarin ilimi na zaɓaɓɓu, wanda hankali zai gamsu da shi ba sai an ba da gaskiya ba. Wani abu kuma da ya yi masa daɗi a koyarwarsu shi ne, in mutum ya yi zunubi, ba shi ne ya yi ba, wani duhu ne da ke cikinsa. Ya yi shekara wajen 9 tare da su. A 383 ya haye teku zuwa Rum, a 384 aka naɗa shi malamin fasahar magana na birnin Milan, inda fadar sarki take a lokacin. Yana ɗan shekara 30, ya kai inda 'yan garinsu ba su ko yi mafarki ba.

A Milan ya fara zuwa jin wa'azin Bishop Ambros, amma don ya auna gwanintar mutumin ne, ya ga ko ta kai yadda ake faɗa. Ya kuma sami littattafan masu bin falsafar Aflatun, waɗanda suka buɗe masa ido ya gane Allah ruhu ne, ba jiki ba. Ya ce a cikinsu ya tarar da zancen Kalma ta har abada wadda ta wurinta aka yi kome. Abin da bai tarar ba shi ne cewa Kalman nan ta zama mutum, ta ji yunwa, ta mutu a kan gicciye. Littattafan sun ƙara masa sani, sun kuma ƙara masa jin kai. Allah Maɗaukaki bai ba shi wahalar karɓa ba. Allah mai tawali'u ne ya tsaya masa a wuya.

Labari biyu ne suka karya shi. Wani dattijon firist mai suna Simfilisiyanus ya ba shi labarin Biktorinus, shi ma ɗan Afirka, malamin da ya koyar da 'ya'yan manyan Rum har aka kafa masa mutum-mutumi a dandalin birnin. Biktorinus ya karanta Littafi ya gamsu, yakan gaya wa Simfilisiyanus a asirce cewa shi fa Kirista ne. Dattijon ya ce ba zai yarda ba sai ya gan shi a majami'a. Malamin ya yi ta mayar da abin wasa, yana tambaya ko bango ne ke mai da mutum Kirista. Gaskiyar ita ce yana jin nauyin abokansa manya. Ranar da ya yanke shawara, shugabannin ikkilisiya suka ce za su iya karɓar shaidarsa a keɓe, kamar yadda akan yi wa masu jin kunyar taro. Ya ƙi. Ya hau dakali a gaban taro, tsoho mai furfura, ya furta bangaskiya da kalmomin da ake koya wa kowane sabon mai bi.

Na biyu labarin Antoni ne, mutumin Masar da bai yi zurfi a makaranta ba, wanda ya ji aya guda a majami'a ya rabar da gādonsa ya bi Almasihu. Da Agustin ya ji wannan sai hankalinsa ya tashi. Ya dubi abokinsa Alifiyus ya ce marasa ilimi suna tashi suna shiga mulkin sama, su kuwa da duk karatunsu suna nan suna birgima. Ya fita lambu yana kuka. Daga gidan maƙwabta ya ji muryar yaro yana ta nanata wata 'yar waƙa mai cewa a ɗauka a karanta. Ya ɗauki wasiƙun Manzo Bulus, idonsa ya faɗa kan ƙarshen sura ta 13 ta Romawa. Wannan a shekara ta 386 ne. A daren Ista na 387 Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa da abokin nasa.

Duba dai ta bakin wa aka kira su. Sarkin yaƙi, ta bakin baiwa da barori. Malamin fada, ta labarin wanda bai yi karatu ba da muryar yaro.

Girman kai da ya shigo majami'a

Da a ce wannan ciwo yana ƙarewa a bakin ruwan baftisma, da sauƙi. Labarin Na'aman kansa bai ƙare da Na'aman ba. Gehazi, baran Elisha, wanda ya yi shekaru a gidan annabi, ya ga an bar baƙon nan Basuriye ya tafi bai biya ba, abin ya tsaya masa a rai. Ya bi shi a guje, ya shirga ƙarya, ya karɓo talanti 2 da tufafi kala 2. Ya mai da alherin Allah haja, ya kuma ƙare da kuturtar da baƙon ya bari. Duk inda aka sa wa addu'a farashi, ko aka kasa wa mai babban baiko kujerar gaba, Gehazi ne ke tsaron ƙofa.

Yesu ya ba da misalin mutum biyu, Bafarisiye da mai karɓar haraji, da suka hau Haikali yin addu'a, a Luka sura ta 18. Bafarisiyen bai yi ƙarya ba, shi ma. Yana azumi sau biyu a mako, yana fid da zakka daga duk abin da ya samu. Har godiya ya yi wa Allah. Amma godiyar tasa lissafi ce, kuma sai da ya waiwaya ya sami wanda ya fi kafin ta cika. Mai karɓar harajin ya tsaya nesa, ya kasa ɗaga kai, ya roƙi jinƙai kawai, kuma shi ne ya koma gida baratacce. A cikinmu wannan lissafi yakan fito da wata riga: mu ne muka fara karɓar bishara a garin nan, kakana ne ya ba da filin majami'a, ɗarikarmu ce ke da koyarwa sahihiya, ƙabilarmu ce ta haifi fastoci. Mai yiwuwa duk gaskiya ne, kamar yadda Barada ya fi Urdun kyau.

Lokacin da Yesu ya yi wa'azi a garinsu Nazarat, ya tuna musu cewa kutare suna da yawa a Isra'ila a zamanin Elisha, amma Na'aman Basuriye kaɗai aka tsarkake. Mutanen da ɗazu suke yaba maganarsa suka tashi suka ja shi bakin dutse za su jefa shi. Ba su ƙi Allah ya yi alheri ba. Sun ƙi ne ya yi shi ba bisa jerin da suka tsara ba.

Mu masu bi a ƙasar Hausa muna da dalili na musamman na riƙe wannan. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ta kama aikin jinyar masu kuturta a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, daga baya kuma a Danja kusa da Maraɗi. A wuraren nan mutanen da dangi suka guda suka sami magani, suka koyi karatu, wasunsu suka ji bishara suka karɓa, suka koma ƙauyukansu suna shelarta. Ikkilisiyoyi da dama a waɗannan wurare tushensu yake. Yau kuturta tana warkewa sarai da magani, amma tarihin bai kamata ya ɓace ba. Jama'ar da ta san ta wace ƙofa bishara ta iso gare ta ba ta da bakin yi wa kowa gori.

Abin da tawali'u yake, da abin da ba shi ba ne

Mun taso cikin al'ada mai daraja kunya da ladabi. Muna durƙusawa mu gai da manya, muna tuɓe takalmi, muna sunkuyar da kai. Wannan abu ne mai kyau, amma gwiwa tana iya kaiwa ƙasa zuciya tana tsaye ƙiƙam. Akwai ma girman kai da ke fakewa cikin ƙin karɓa. A daren da Yesu ya ɗaura tawul ya zuba ruwa a daro yana wanke ƙafafun almajiransa, Bitrus ya ce faufau ba za a wanke tasa ba. A ido ladabi ne. Amma Yesu ya gaya masa in bai yarda an wanke shi ba, ba shi da rabo tare da shi. Wanda ya ce zunubinsa ya fi ƙarfin gafara, ko sai ya gyara halinsa tukuna zai zo, shi ma so yake ya iso da wani abu a hannu.

Tawali'u kuma ba zubar da baiwa ba ne. Na'aman ya koma bakin aikinsa a fada. Agustin bai jefar da basirarsa ba. Ya zama firist a birnin Hifo, wato Annaba ta yau, a 391, bayan 'yan shekaru ya zama bishop, ya yi ta rubutu har ya rasu a 430. Abin da ya sāke shi ne wanda basirar take yi wa aiki. Wajen shekara ta 410 wani ɗalibi mai suna Diyoskorus ya aiko masa da tarin tambayoyi kan Sisero, yana cewa yana tsoron kada a ɗauke shi jahili. Bishop ɗin ya amsa masa cewa hanyar kama gaskiya matakinta na fari tawali'u ne, na biyu da na uku ma haka, kuma ko sau nawa aka tambaye shi amsar ba za ta sāke ba. Bai tsaya ga faɗa ba. Yana da shekara 72, sunansa ya cika duniyar Kirista, ya zauna ya bi littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya, yana nuna wa masu karatu inda ya yi kuskure da inda ya zarce.

A bangaskiyar Kirista, dalilin duk wannan ba wai Allah yana jin daɗin ganin mutum a ƙasa ba ne. Dalilin shi ne shi kansa can ya sauka. An haife shi a inda dabbobi ke cin abinci, ya yi aikin kafinta, ya taɓa kutare da hannunsa, ya mutu irin mutuwar da Rumawa suka keɓe wa bayi da 'yan tawaye. Wanda ya nace sai a sama zai neme shi zai yi ta hawa, ya wuce shi a hanya.

Saboda haka mai son ya auna kansa kada ya duba yawan azuminsa ko laushin muryarsa. Ya tambayi kansa abu uku. Daga bakin wa nake iya karɓar gyara: in matata ce, ko yaron shagona, ko ɗan ajin Lahadi ya faɗa mini gaskiya, ina ji? Wane umarni ne mai sauƙi na daɗe ina kewaye shi, ina rufe shi da manyan ayyuka: neman gafarar ɗan'uwa, mayar da abin da ba nawa ba, furta abin da na ɓoye? In kuma Allah ya yi wa wanda na raina alherin da na daɗe ina roƙo, zan iya zuwa in taya shi murna? Mafi yawanmu za mu tarar aƙalla ɗaya daga cikin ukun ta kama mu. Abin da mutum zai yi bayan ya gane haka shi ake kira tuba, kuma shi ne zancen babi na gaba.